Farantin Harira

Yayata Zakiya ta shekara goma sha tara tana dafa wa 'ya'yan Turawan Ingila abinci, kuma idan ka yi kuskuren tambayarta labarinsu, to ka nemi wurin zama. Makarantar tana can arewacin Jidda, inda 'ya'yan injiniyoyi da likitoci da ma'aikatan banki suke karatu irin na ƙasarsu. Mu kuwa a unguwar Sa'alaba muke, a gidan da kakanmu ya kama bayan ya sauke farali ya ga ƙafarsa ba za ta iya mayar da shi Haɗeja ba. Kullum bayan asuba motar kamfani take ɗaukar Zakiya ta ratsa garin da ita daga kudu zuwa arewa. Kafin ƙarfe bakwai ta ɗaura ƙyallen aiki ta fara yi wa mutane faɗa.

Gajeriya ce, amma muryarta ta mutum biyu ce. Yaran makarantar ba sa iya barin suna ya kai ƙarshensa, sai sun gutsure shi, don haka tun shekararta ta farko suka mayar da ita Zaki. Ranar da ta dawo gida ta gaya mana, dariya muka yi har da hawaye, don mu mun san ba su yi ƙarya ba. Ita ma ba ta bar su haka ba. Duk wanda ya zo gabanta da tire sai ta raɗa masa sunan da bakinta zai iya ɗauka. Oliver ya zama Alfa, Harriet ta zama Harira, kuma abin mamaki suna amsawa.

Tana son yaran nan, duk da ba ta rasa abin kushewa a kansu. Ta ce ba ta taɓa ganin mutanen da suke zuba wa soyayyen dankali ruwan tsami su ci suna lumshe ido ba sai su. Wake a kan burodi shi ne abin marmarinsu. Ƙaton saurayi gemu ya fara fito masa zai ce don Allah da na gode sau uku a kan cokalin shinkafa ɗaya, sannan ya fita fili da tsakar ranar Jidda yana gudu ba wanda ya koro shi. Wasu ba sa cin nama, wasu ba sa shan madara, wasu kuma ba sa karyawa sai abin gwangwanin nan mai hana barci. Amma suna bin layi, kuma ba sa raina mai aiki, wannan kam tana yaba musu. Abin da ke ba ta tausayi shi ne shekarar babbar jarrabawa, wadda suke yi suna da shekara goma sha shida a kwashi takardun a kai Ingila a duba. Ta ce a wannan shekarar kana kallo fuskar yaro za ta tsufa.

Ba ta yi karatu mai nisa ba, Turancinta ma na kicin ne, wanda ta tsinta tsakanin tukunya da tire. Karatun da ta iya shi ne na faranti. Ta kalli abin da yaro ya rage ta gaya maka ko ya yi faɗa da abokinsa ko iyayensa ne ba sa jituwa a gida. Ni dai ina cewa tsegumi ne kawai ta sa masa riga. Sai dai akwai dalilin da ya sa Zakiya ta fi yarda da faranti a kan bakin mutum, kuma dalilin namu ne mu biyu.

Ummanmu ba haifaffiyar Jidda ba ce. Baba har Haɗeja ya je ya auro ta, kuma har ta koma ga Allah Larabcinta bai wuce na sayen tumatir ba. Lokacin da ciwon ƙirji ya kama ta, Zakiya tana da shekara ashirin da huɗu, ita take kai ta asibiti tana yi mata tafinta. Likita ya ba da magani, suka koma bayan mako biyu, ya ce a tambaye ta yaya take ji. Umma ta ce, "Da sauƙi." Zakiya ta juya ta gaya wa likita da Larabci cewa ta ce ciwon ya ragu. Ya rubuta, ya ce a ci gaba da maganin. Sau uku ana haka. Ba a cika wata biyu ba muka yi mata sutura.

A zaman makoki ne wata tsohuwa 'yar garinsu, Hajiya Fatouma, ta ji yadda aka yi. Ba da mugun nufi ta yi maganar ba, salati ta yi ta ce, "Wayyo 'yan nan, ai mu can gida ko mutum yana kan gargara aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce. Gaisuwa ce, ba amsa ba ce." Mu da aka haifa a nan mun san kalmomin, amma ba mu san haka ba. Da alhamdulillahi Umma ta ce, da likitan ya san bai ji komai ba tukuna, da ya sake tambaya. Zakiya ba ta yi kuka a wurin ba. Tashi ta yi ta shiga kicin, kuma tun daga ranar ba ta ƙara karɓar amsar farko daga bakin kowa ba. Ka ce mata lafiya lau, sai ta ƙare maka kallo ta ce, "To, yanzu gaya min gaskiya."

Harira yarinya ce doguwa mai fara'a, ita take yi wa makarantar tseren gudu, kuma ita ce ta ɗaya a ajinsu. Babanta injiniya ne a wata masana'anta a unguwar masana'antu ta Jidda. Tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya take cin abincin Zakiya, kuma tana cikin 'yan ƙalilan da suke miƙo faranti a ɓoye a barbaɗa musu yajin da Zakiya take ajiyewa a aljihu. Da suka shiga shekarar jarrabawa sai ta daina neman yajin. Tana zuwa layi, tana murmushi, tana karɓar abinci kamar kowa. Amma ta fara sa rigar sanyi a garin da ƙarfe yake ƙona hannu, agogonta kuma ya zame daga wuyan hannu ya tafi kusa da gwiwar hannu.

Zakiya ta tambaye ta a kan layi, "Harira, lafiya kuwa?"

Yarinyar ta yi murmushi ta ce, "Ayam fain, Zaki." Wato lafiyarta ƙalau.

Washegari ta sake tambaya, amsar ba ta canza ba. Da yamma ta dawo gida ta same ni ina ninke kaya, ko abaya ba ta cire ba ta ce, "Jawahir, ke da kike aiki a asibiti kina jin Turanci, wannan fain ɗin nasu me yake nufi?"

Na ce, "Lafiya lau mana, Yaya."

Ta ce, "La, wallahi ba haka ba ne. Shekara goma sha tara ina jin sa. Yaro ya faɗi ya fasa gwiwa jini yana zuba, fain. Malama mijinta ya sake ta idonta ya kumbura, fain. Ya'ani da sauƙinsu ne. Mutanen nan Hausawa ne ba su sani ba."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ta fara da bin hanyar da ta dace. Ta je wurin nas ɗin makarantar, wata Baturiya mai kirki, ta gaya mata. Nas ta kira yarinyar ta tambaye ta, ta dawo ta yi wa Zakiya godiya, ta ce Harriet ta ce ba abin da ke damunta, makinta yana da kyau, tana gudunta, kuma a wannan shekarar yara da yawa suna ɗan ramewa. Ta ƙara da cewa su ba sa matsa wa matashi a kan abin da ya shafi jikinsa. Maganar ta kai kunnen Fawaz, shugaban kicin, ya kira Zakiya gefe, da alkunyar da Larabawan wurin suke kiranta da ita, ya ce, "Ya Umm Sa'ud, aikinki tukunya ne. Doka ta hana ma'aikatan kicin yin magana da iyaye. Halas, ki bar maganar nan."

Ba ta bar ta ba. Ranar wasannin makaranta aka sa ta a teburin ruwa da lemo a bakin fili. Harira ta yi tseren ta zo ta ɗaya, ana ta tafi, amma Zakiya ta ga yadda ta dafa ƙarfen shinge leɓɓanta sun yi fari. Uwar yarinyar tana tsaye kusa da teburin da hular rana. Zakiya ta goge hannu ta matsa ta ce da Turancinta na kicin, "Madam, 'yarki ba ta cin abinci. Tana karɓa, ba ta ci."

Matar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta yi irin murmushin nan nasu da bai wuce leɓe ba. Ta ce ta gode da kulawa, amma 'yarta lafiyarta ƙalau. Kwana biyu bayan haka takardar ƙorafi ta iso ofis. Ba a kori Zakiya ba saboda daɗewarta, amma aka cire ta daga layin rabon abinci aka mayar da ita baya wurin wanke-wanke, aikin da ake ba sabon zuwa.

Na ji haushi ƙwarai, kuma ita na ji wa. Na ce mata, "Yaya, 'yarki ce? Uwarta ta ce lafiya, nas ta ce lafiya, ita kanta ta ce lafiya. Ke wace ce? Da girmanki kin koma goge tire saboda 'yar mutane."

Ta ce, "Na taɓa jin wannan kalmar na kai ta gaba yadda aka ba ni, Jawahir. Kin san inda ta kai mu. Yalla, miƙo min man zafin nan, bayana zai tsinke."

Na ɗauko na shafa mata.

Waɗanda suka hukunta ta ba su san sun kai ta inda take so ba. Wurin wanke-wanken yana da 'yar taga inda yara suke turo tire idan sun gama. Ba a ganin fuska sai hannu, amma hannun Harira ba ya ɓoyuwa. Zakiya ta janye farantinta gefe ta ɗaga takardar goge baki da aka rufa a kai. An yanka kazar ƙanana ƙanana, an baza shinkafar zuwa gefe-gefe, an tura wake ƙarƙashin ganye. Wanda ya kalla da sauri zai rantse an ci rabi.

Ta ɗauki farantin da hannu ɗaya, ta zuba sabon abinci daidai ma'auni a wani ta riƙe da ɗayan, ta ratsa barandar makarantar da takalmin roba da jiƙaƙƙen ƙyalle, malamai suna kaucewa. Ta ajiye su a teburin nas. Ba ta tsaya neman Turanci ba. Cokali ta sa ta tattaro shinkafar da aka baza, ta haɗa kan naman, ta tono waken, har farantin ya koma kamar ɗan'uwansa. Sannan ta ce, "Duba. Ba a ci ba. Yawo kawai aka yi da shi."

Nas ta ce wataƙila yau ce kawai ba ta jin yunwa. Zakiya ta ce to. Washegari ta dawo da wani farantin, jibi ma haka. Fawaz ya rantse zai rubuta ta ya kai ofis, ta ce ya rubuta da kyau kada ya yi kuskure a sunan. A rana ta huɗu nas ba ta jira an gama tattarawa ba. Ta aika aka kira yarinyar daga aji, kuma wannan karon ba tambayarta ta yi ba. Ta sa ta cire rigar sanyin, ta ɗora ta a ma'auni, ta kama hannunta tana ƙirga bugun jininta da agogo. Zakiya tana bakin ƙofa ta ga fuskar matar ta canza, ta ga ta ɗauki waya.

Cikin mako guda uwar ta tafi da yarinyar Ingila, saura mako shida jarrabawa. Ranar da Harira ta zo kwashe littattafanta ta biyo ta tagar wanke-wanke, ta sunkuyo ta ce, "Kin ɓata min komai. Na tsane ki." Zakiya ta dawo gida ranar ba ta ci abinci ba, ita da take cewa rashin ci ne farkon kowace masifa.

Wata goma ba labari. Turawa idan suka yi shiru a kan magana, ko da tsinke ba ka tono ta. An dai mayar da Zakiya layin rabo ba tare da an ce mata komai ba, Fawaz ya wuce yana kallon silin. Ta ji wasu malamai suna cewa makarantar ta yi asarar ɗalibar da ta fi kowa, yarinya ta rasa shekara guda. Abin ya tsaya mata a rai. Wani lokacin muna zaune sai ta ce, "Anya ban yi wa yarinyar nan katsalandan ba? Da na bari ta gama jarrabawar tukuna." Ni da na fi kowa yi mata faɗa, ni na koma ba ta baki, alhali ni ma ban sani ba.

Sai wata Laraba nas ta tare ta ta ce iyalin sun dawo, kuma suna neman izini su zo gidanmu. Aka sa Juma'a bayan la'asar. Zakiya ta yi girki kamar za a ɗaura aure, shinkafa da kaza da miyar taushe da sambusa da ƙosai, har da kunun gyaɗa. Na ce mutum biyu ne fa za su zo, ta ce in rufe mata baki in goge tabarmar cin abinci.

Motarsu da ƙyar ta shiga lungunmu, maƙwabta suna leƙe ta taga. Harira ta fito, har yanzu siririya ce amma jini ya dawo fuskarta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa ɗaga ido, Zakiya ta jawo ta ta rungume tana cewa, "Ahlan, ahlan, 'yar banza, kin ƙara tsawo." Uwar ta zauna a bakin kujera ta riƙe jakarta da hannu biyu, ta ce in fassara kada wata kalma ta ɓace. Ta ce ta zo ba da haƙuri. Ta ce likitan da ya karɓe su a can ya gaya mata zuciyar yarinyar ta yi rauni har ta kai ko wane gudu zai iya zama na ƙarshe, kuma akwai babban tsere da aka shirya mata mako biyu bayan ranar da aka kira su. Ta ce Harriet za ta zauna jarrabawar bana, gudu kuwa sai likita ya yarda. Muryarta ta karye a tsakiya, ta tsaya ta nemi gafara don ta yi kuka, kamar wadda ta zubar da shayi a kan kafet.

Da za a sauko cin abinci uwar ta riƙo hannuna ta yi min raɗa. Likitoci sun kafa sharaɗi. Kada a zuba wa yarinyar, ita za ta zuba da kanta. Kada a ce ta ci, kada a ce ta ƙara, kada a kalli farantinta, kada a yaba idan ta ci. Na shiga kicin na gaya wa Zakiya, ta dube ni kamar na ce ta yi salla ba alwala.

"Baƙuwa a gidana, in zuba mata ido tana wasa da cokali? Ko ci mana ba zan ce ba?"

"Ko shi, Yaya."

Duk Sa'alaba an san ba a tashi daga tabarmar Zakiya sai an yi rantsuwa. Mai gyaran famfo ma sai ya ci faranti biyu kafin ya ga famfon. Amma ranar ta zauna ta naɗe hannuwanta a cinya. Harira ta ɗauki ludayi ta zuba shinkafa ɗan kaɗan, abin da ko kyanwa za ta raina. Na ga leɓen Zakiya yana motsi, ta haɗiye. Sai ta juya ga uwar ta kama ba ta labarin na'urar sanyaya ɗakinmu da ta lalace tun bara, da Turancin da ban san tana da shi ba, tana yi tana kallon bango. Ta gama da na'urar ta shiga tsadar kifi. Yarinyar tana ci a hankali, loma ɗaya sai a daɗe, mu kuma muna ta kifi.

Minti arba'in muka yi a haka. Ban taɓa ganin yayata ta yi aiki mai wuya irin wannan ba, kuma ban taɓa alfahari da ita kamar ranar ba. Matar da ta tsallake dokar kicin da ta ofis don yarinyar nan ta ci, ga ta yau ta danne halinta na shekara hamsin saboda abu ɗaya.

Can muna tsakiyar maganar cunkoson hanyar filin jirgi, sai na ji ƙarar ludayi a jikin kwano. Ba wanda ya juya. Ta gefen ido na ga hannun Harira ya ɗebo shinkafa ya ƙara, ya koma ya ɗauki ƙosai ɗaya. Zakiya ba ta yanke maganarta ba, idonta yana kan bango, hawaye yana bin kumatunta tana ta bayanin yadda motoci suke tsayawa a gadar nan. Hannunta ne kawai ya lallaɓo ta ƙarƙashin mayafi ya damƙi cinyata, ta matse da duk ƙarfin da take murza tukunya da shi. Sai da shatin yatsunta ya yi mako guda a jikina.